FILIN MAKIYAYA: Kafin a saida gidan kiwon shanun tatsa

 Maganar yau ta shafi mutumin da yake da gidan kiwon shanun tatsa, kuma ya yi niyyar saida shi.

A kewayen Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai mutane da yawa da suka kafa irin wannan gida. Fili ne da shinge, da rijiya, da rumfa, da shanu 5 ko 10 ko 20. Kullum da safe a tatsa, a kai madara gari. Da kuɗinta ake sayen hatsi, da shi ake biyan magani da kayan lakwal na yara. Amma rana takan zo da mai gidan zai rabu da shi. Wani tsufa ne ya kama shi, ƴaƴansa kuma sun tafi neman kuɗi. Wani bashi ne ya yi masa yawa. Wani gari ne ya cinye dajin da ke kewaye da shi, har shanu ba su da wurin fita. Wani kuwa rasuwa aka yi, magada suna son raba gado.

Wahalar shekara 20 ce ake sallamawa cikin yini guda. In an yi kuskure, ba a sakewa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son saida gidan kiwo ya fara shiri tun da sauran shekara guda.

Abin da gaggawa take jawowa

Ga yadda abin yakan kasance. Mutum ya jira har bazara ta yi tsanani. Ciyawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, shanu sun rame, nono ya ƙafe. Mai bashi yana bakin ƙofa. Sai ya kira dillali. Dillali ya ga mutum a matse, mai saye ma ya gani. A taya masa rabin kuɗi, ya sallama. Ba a rubuta kome ba.

Bayan wata biyu sai matarsa ta ce jar saniyar nan tata ce, ta sadakinta. Ƙanensa ya komo daga ci-rani ya ce filin na gado ne, da rabonsa ciki. Maƙwabci ya ce iyaka ta shiga gonarsa. Mai saye ya dawo da saniya guda ya ce juya ce, a maida masa kuɗinsa. Kuɗi kuwa an riga an kashe. Daga nan sai gaban mai gari, sai gaban sarki, sai gidan shari'a. Dukiya ta tafi, zumunci ya ɓaci.

Duk wannan ana iya kauce masa da haƙuri da alƙalami.

Na farko: a san mai kowace saniya

Garke guda, masu shi da yawa. Kowane makiyayi ya san haka. Akwai saniyar da aka ba mace sadaki. Akwai wadda aka ba yaro ranar suna, ita da duk abin da ta haifa. Akwai ta habbanaye, wadda ɗan'uwa ko aboki ya ba da aro, za a maida masa bayan ta yi haihuwar da aka yi alkawari. Akwai shanun amana na ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ke cikin gari. Akwai na marayu.

Mai gida ya tara iyalinsa, maza da mata. A bi shanu ɗaya bayan ɗaya. A rubuta sunan kowace saniya, da launinta, da shaidar da ke jikinta, da sunan mai ita. Ta habbanaye da ta amana a maida su ga masu su. Ta mace ko ta yaro ba a saida ta sai da yardar mai ita, kuma kuɗinta hannunsa zai shiga.

A tuna da mata ƙwarai. A gidaje da yawa su ne masu tatsa, su ne masu kaɗa mai, su ne masu saida nono da fura da cuku. Ranar da aka saida shanu, sana'arsu ce ta tsaya. Ya wajaba a shawarce su tun farko, a san abin da za su riƙe bayan haka.

In gidan na gado ne, a kira malami a raba bisa shari'a, ko magada duka su yarda a saida a raba kuɗin. Wanda yake tafiya a aika masa, a jira amsarsa. Rabon maraya a ajiye shi hannun amintacce, da shaidu.

Na biyu: kaye ɗin madara

Mai sayen shanun tatsa madara yake saye. Kowane mai saidawa zai ce saniyarsa tana cika ƙwarya. Amma ƙwarya wata ta fi wata. Gani ya kori ji. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda karatunsa zai biya shi.

A sayi kaye guda da gwangwanin awo na lita 1. A ba kowace saniya shafinta. A rubuta ranar da ta haihu, da haihuwarta ta nawa ce, da ranar da sa ya hau ta. Saniya tana ɗaukar ciki wata 9 da ƴan kwanaki. In an san ranar hawa, an san watan haihuwa. Sau ɗaya a mako, a auna abin da aka tatsa safe da marece, a rubuta. A wani shafi a rubuta kuɗin da ya shigo. A wani kuma a rubuta abin da ya fita: dusa, harawa, angurya, kanwa, gishiri, magani, ladan mai kiwo.

Ga misali. A ce shanu 6 ake tatsa, kowace tana ba da lita 3 a yini. Lita 18 ke nan. A kwana 30 lita 540. A ce ana saida lita guda dala 60. Kuɗin wata ya kama jika 162. A ce abinci da magani da lada sun ci jika 70. Saura jika 92. Wannan misali ne kawai, kowa ya sa nasa lissafi. Amma mai saye in ya ga irin wannan lissafi na wata 12, da na damina da na rani, ya san abin da gidan yake kawowa. Ba zai iya taya shanun da kuɗin shanun yanka ba.

Kaye yana kuma nuna saniyar da take ci ba ta biya. Tsohuwa, da juya, da wadda kan nononta ɗaya ko biyu ya mutu, a fitar da su tun da wuri. A ɗan yi musu kiwon turke, a kai su kasuwa, ko Turaku ta Yamai, ko Balleyara, ko Badagishiri, ko Dakwaro, ko Bakin Birji, wadda ta fi kusa. Saniya guda marar kyau tana rage darajar garke duka.

A rubuta irin kowace saniya. A ƙasar Nijar akwai Azawak, da Bororo, da Jeli ta bakin kogi, da Gudali, da Kuri ta tafkin Cadi. Wajen nono, Azawak ce ta yi suna. Tun 1954 ake zaɓen irinta a gidan kiwon gwamnati na Tukunus, kusa da Filinge. A can, inda take samun kulawa, tana iya ba da lita 800 zuwa 1000 daga haihuwa zuwa yaye. Wanda yake da sa ko karsana na irin Tukunus ya adana takardar sayensu, don za ta ƙara musu kuɗi.

Shekarun saniya kuwa bakinta ne yake faɗa. Tana da haƙoran gaba 8 a ƙasa. Na yarinta ƙanana ne. Manya biyu na farko suna fitowa bayan ta wuce shekara 2. Wajen shekara 5 duk 8 sun cika. Daga nan sai su riƙa cinyewa. Mai saye zai buɗe baki ya duba, saboda haka rage wa saniya shekaru ba shi da amfani.

Na uku: lafiyar bisashe

Kowace shekara ma'aikatan sarwis ɗin kiwo suna fita yin lamba ta ciwon huhu. Kada saniya ko guda ta kuskure. A nemi kuma lambar ciwon saifa da ta harbin daji in ana samun su a yankin. A rubuta ranar kowace lamba cikin kaye, a adana duk takardar da aka bayar.

Da sauran wata 3 ko 4, a kira likitan dabbobi ya duba garke. A ba da maganin tsutsar ciki, a cire kaska. A duba hantsa: in ta kumbura, ko ta yi zafi, ko madara tana fita da gudaji ko jini, a yi magani. Saniyar da take yawan ɓari a nuna ta ga likita, domin yana yiwuwa bakkale ne. Wannan ciwo yana bin garke, kuma yana kama mutum ta hanyar shan madarar da ba a dafa ba. Haka tarin fuka. Irin wannan saniya ba ta shiga cikin shanun tatsa da za a saida wa wani.

Akwai dabarar da wasu suke yi. Su ƙi tatsar saniya kwana biyu, su hana maraƙi sha, don hantsa ta cika ranar da mai saye zai zo. Addini ya hana wannan, malamai duka sun sani. Yana kuma jawo wa saniya ciwon hantsa. Bayan kwana 3 gaskiya za ta fito, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya fi, a gayyaci mai saye ya zo da asuba, kwana 2 ko 3 a jere, a tatsa a gabansa, a auna. In saniya tana da aibi, ko harbi, ko tunkuyi, ko tsallake shinge, a faɗa masa gaban shaidu. Aibin da aka faɗa ba ya warware ciniki.

Na huɗu: takardar fili

Nan ne rigima ta fi yawa. Saniya in ta tafi ta tafi, amma fili yana nan, jikoki ma za su iya tada maganarsa.

A ranar 2 ga watan Maris na 1993 aka kafa dokar karkara ta Nijar, wadda ake kira Kod Rural. Ita ce ta kawo hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Akwai Kofo ta ƙauye, da ta komin, da ta departama. Ta ƙauye mai gari ne shugabanta, da wakilan manoma da na makiyaya da na mata da na matasa, da magatakarda wanda ya iya rubutu. Dokar ta yarda da mallakar gargajiya. Wanda ya gaji fili daga iyayensa yana iya samun takardar shaida. Akwai kuma takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina.

Mai son saidawa ya fara samo takardar da ta nuna filin nasa ne. A kira maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, a zagaya iyaka tare da su. A kafa alama mai daɗewa. A auna filin: hekta 1 ita ce mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. In filin aro ne, mai aro ba shi da ikon saidawa, ko da ya shekara 30 a ciki. In an jinginar da shi, a fanshe shi tukuna.

Akwai abin da ba na saidawa ba ne sam. Burtali, da makiyayar jama'a, da tabki, da rijiyar gwamnati, na kowa ne. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu na 2010 ta ƙarfafa haka. A arewacin iyakar noma da aka shata a 1961, daji na kiwo ne, ba mai ikon mallake shi shi kaɗai. Kada mai saidawa ya nuna wa mai saye makiyayar da ke bayan shingensa ya ce tana cikin ciniki, don kawai shanunsa sun saba ci a wurin.

A bakin manyan garuruwa, wani mai saye ba shanu ne a ransa ba. Filin yake so, ya yanka shi fuloti. Mai saidawa ya binciki kuɗin fili a unguwar kafin ya buɗe baki. Wani lokaci ya fi riba a saida fili dabam, shanu dabam. Ko da mutum guda ne zai saye duka, a yi wa kowane abu kuɗinsa: fili, rijiya, gini, shanu, kayan aiki.

Na biyar: lokaci da gyaran gida

Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Matasa sun ga na 2010. A irin waɗannan shekaru hatsi yana hawa, bisashe suna faɗuwa, har saniya ta kasa sayen buhun hatsi. Ko a shekara mai kyau, ƙarshen rani shi ne lokacin da shanu suka fi araha. Lokacin saidawa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Shanu sun yi ƙiba, nono yana nan, mutane suna da kuɗi a hannu.

Kafin lokacin a gyara gida. A toshe shinge. A yashe rijiya, a gyara bakinta da wurin shan ruwa. A sake rufin rumfa. A kwashe taki a tara shi wuri guda, shi ma kuɗi ne wajen masu garka. A tara harawa da karan dawa da ciyawa bisa rumfa, inda gara da rana ba za su ɓata su ba. Mai saye in ya ga abincin rani a ajiye, hankalinsa zai kwanta. A ƙidaya itatuwa, musamman gawo, wanda yake ba da inuwa da ƴaƴa a tsakiyar rani, lokacin da shanu suka fi bukata. A wanke ƙoren tatsa da jarkoki da matata. Amma kada a ci bashi a yi sabon gini don saidawa, da wuya kuɗin ya komo.

Masu sayen madara su ma dukiya ne. Wasu suna kai wa gidaje, wasu masu fura da masu yin kindirmo. A kewayen Yamai an buɗe wuraren tara madara, kamar na Hamdallahi da na Kollo, inda ake gwada ta a ga ko an sa ruwa ko ta fara tsami. Wanda aka san madararsa da tsabta yana da suna, kuma sunan yana bin gidan. A rubuta masu saye da lita nawa kowa yake ɗauka. A kai sabon mai gida a gabatar da shi gare su, da ƙungiyar makiyaya in akwai. A biya bashin mai dusa da na mai magani. Mai kiwo da mai tatsa a sanar da su tun da wuri, a biya su ladansu cif.

Ranar ciniki

A nemi masu saye fiye da ɗaya. In da dillali, a yanke la'adarsa tun farko, a san wanda zai biya. Mai saidawa ya riƙe a zuciyarsa kuɗin da ba zai sauka ƙasa da shi ba.

A yi takarda biyu. Ta fili a gaban Kofo. Ta shanu da kaya a gaban shaidu. Ga abin da ya kamata a gani a ciki:

1. Sunan mai saidawa da na mai saye, da garinsu.
2. Girman fili da maƙwabtansa na kusurwa huɗu.
3. Abin da ke ciki: rijiya, gini, itatuwa, abincin shanu.
4. Yawan shanu, kowace da sunanta da maraƙinta, da masu ciki.
5. Kuɗi, da lamba da kuma baƙaƙe.
6. Ranar da sabon mai gida zai karɓa.
7. Sa hannu ko dangwalen kowa, da na shaidu, da hatimi.

Wanda ya iya karatu ya karanta da kansa. In da Faransanci aka rubuta, ya zo da wanda ya amince da shi ya fassara masa layi bayan layi. Kada ya dangwala yatsa bisa abin da bai ji ba. Kowa ya riƙe tasa takarda.

A ƙirga kuɗi gaban shaidu. In da hali a yi biya a banki, don gudun jabu da ɓarayi. In kashi-kashi za a biya, a rubuta nawa ne da ranar kowane biya, kuma takardar fili ta zauna hannun mai saidawa ko mai gari har a cika. In za a kai shanun wani yanki, a karɓi takardar lafiyarsu a sarwis ɗin kiwo.

Saniyar tatsa da maraƙinta ake saida ta. Shanun ƙasar nan ba su sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, kuma sun san hannun mai tatsarsu. Saboda haka a yi yarjejeniya tsohon mai tatsa ya zauna mako 1 ko 2 tare da sabo. A nuna wa sabon mai gida lokacin tatsa, da awon dusa, da halin kowace saniya. A miƙa masa kaye.

Kafin a ce an sallama

Mai gida ya tambayi kansa: bayan an saida, da me iyali za su ci? Kuɗi a aljihu yana narkewa, dangi da masu biki duk za su ji labari. A san inda kuɗin zai shiga tun kafin ya zo hannu.

Ba dole ne a saida duka ba. Ana iya ba da filin haya da takardar Kofo. Ana iya rage shanu a bar waɗanda ƙarfi zai iya. Ana iya miƙa wa ɗa ko ƙane, yana biya kaɗan-kaɗan. Ko da an saida, ya kamata a keɓe karsana 1 ko 2 daga tsatson saniyar da ta fi nono, a ba amintacce habbanaye. Yara za su sami madara, kuma irin gidan bai ɓace ba.

Wanda yake da wannan niyya ya sayi kayensa cikin wannan mako, ya fara rubutu. Wanda ba shi da niyyar saidawa, shi ma kaye da takardar fili za su yi masa rana, shi da magadansa. Masu karatu su karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a dandali da bakin rijiya. Mai tambaya ya je sarwis ɗin kiwo ko wajen magatakardan Kofo na garinsu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare bisashe. Sai wata mai zuwa.